Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗaukar Hoton Shahararrun Gine-gine a Lokacin Tafiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban wani gini da ya daɗe yana jin labarinsa, ya ɗaga waya ko kyamara ya ɗauka, sannan ya duba ya tarar abin da ya fito bai kama ƙafar abin da idonsa yake gani ba, ya san dalilin rubuta wannan bayani. Na tattara tambayoyin da 'yan'uwa matafiya suka fi maimaita mini, na amsa su da misalai daga gine-ginen da mutanenmu suke yawan ziyarta ko suke burin gani.

Shin sai da babbar kyamara ake samun hoto mai kyau?

A'a. Wayoyin da ake sayarwa yanzu sun isa su fitar da hoton gini da za a iya bugawa a rataye a bango, musamman idan da hasken rana aka ɗauka. Babbar kyamara tana nuna fifikonta ne a wurare biyu, wato cikin duhu da kuma lokacin da ake so a janyo wani ɓangare na gini daga nesa, kamar kan hasumiya ko rubutun da ke saman ƙofa. A gani na, mafi yawan hotunan da suke lalacewa ba kayan aiki ne suka ɓata su ba, mai ɗaukar ne ya zo a lokacin da bai dace ba, ya kuma tsaya a wuri na farko da ƙafarsa ta kai shi.

To wane lokaci ne ya dace?

An saba cewa sassafe da la'asar sakaliya, kuma gaskiya ne, amma amsar ba ta cika ba sai an haɗa da wata tambayar: ina fuskar ginin take kallo? Ginin da ya fuskanci gabas na safiya ne, wanda ya fuskanci yamma kuwa na maraice ne, kuma wanda ya juya lissafin zai dawo da hoton bango mai duhu da sama fari fat a bayansa.

Babban Masallacin Jenne da ke ƙasar Mali misali ne mai kyau. Ginin da ake gani yanzu an kammala shi a 1907, kuma bangonsa na alƙibla, mai hasumiyoyi uku da ƙwayayen jimina a bisa kawunansu, gabas yake kallo, yana fuskantar filin da kasuwa take ci ran Litinin. Saboda haka daga fitowar rana zuwa hantsi ne fuskar masallacin take samun haske, kuma a lokacin ne itatuwan giginya da aka kafe a jikin bangon suke jefa inuwa doguwa, har a ga ginin ya fito da siffarsa. Da rana ta yi tsaka ta karkata, wannan fuskar ta koma inuwa, sai dai a zagaya a nemi wani gefen. Haka abin yake a Petra ta ƙasar Jodan: ginin Al-Khazneh da aka sassaƙa a jikin dutse yana cikin kwazazzabo ne, rana ba ta sauka a fuskarsa sai na ɗan wani lokaci da hantsi, don haka wanda ya makara wajen shiga mashigin dutsen da ake bi a kai gare shi, mai tsawon fiye da kilomita 1, zai same shi cikin inuwa.

Taj Mahal da ke Agra a Indiya, wanda Sarki Shah Jahan ya sa aka fara ginawa a 1632 a matsayin kabarin matarsa Mumtaz Mahal, ta kudu ake shigo masa, ta cikin lambu. Da yake Agra tana can arewa da inda rana take tsayawa a bisa kai, wannan fuskar ba ta cika rasa haske ba, abin da yake canzawa shi ne launin farin dutsen marmara: da asuba ya yi ja-ja mai taushi, da rana ya yi fari har ya kashe ido, da yamma ya koma ruwan zuma. Mu kuwa a Kano da Katsina da Damagaram lissafin ya bambanta, domin daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana takan ɗan karkata arewa da tsakar rana, sai bangon da yake kallon arewa ya samu hasken da ba ya samu a sauran watanni.

Akwai kuma wani lokaci da mutane suke yi wa sakaci, wato 'yan mintocin nan bayan faɗuwar rana, sa'ad da sama take yin shuɗi mai zurfi kuma an kunna fitilun gini. A ƙasashenmu na kusa da tsakiyar duniya wannan lokaci gajere ne ƙwarai, bai fi minti 20 zuwa 25 ba duhu ya rufe, kuma daidai lokacin sallar magariba yake faɗowa, don haka sai mutum ya tsara yadda zai yi tun da wuri. A birnin Paris kuwa, a watan Yuni, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, kuma hasken almuru yakan daɗe bai gushe ba.

Me ya sa dogon gini yake fitowa kamar zai faɗi ta baya?

Saboda an ɗaga bakin kyamara sama ne don a samu kan ginin ya shigo. Da zarar kyamara ta daina kallon gabanta sosai ta karkata sama, layukan da suke tsaye sai su riƙa matsowa kusa da juna ta can bisa, ginin ya yi faɗi a ƙasa ya tsuke a sama. Maganin farko shi ne a ja da baya gwargwadon yadda fili ya bari, a riƙe kyamarar a miƙe, sannan a janyo ginin da gilashin da yake kusanto da abu, wanda a waya shi ne mai alamar 2x ko 3x. Magani na biyu shi ne a nemi tudu, ko bene, ko saman soro, yadda mai ɗauka zai kasance kusa da rabin tsayin ginin. Idan duka biyun sun faskara, a bar sarari mai yawa a gefe da gefe lokacin ɗauka, domin manhajojin gyaran hoto suna iya miƙar da layukan, amma sai sun yanke wani abu daga gefuna.

Sai dai ba kowane karkata ba ne laifin kyamara. Hasumiyoyi huɗu na Taj Mahal da gangan magina suka ɗan karkatar da su waje, don in girgizar ƙasa ta kayar da su kada su faɗo wa kabarin. Hasumiyar Masallacin Agadas ma tun asali mai faɗin gindi ce mai tsukakken kai. Wanda ya zauna yana miƙar da irin waɗannan a kwamfuta ya ɓata aikin magini ne. Gini kamar Burj Khalifa na Dubai kuwa, mai tsayin mita 828, ba yadda za a yi a ɗauke shi daga gindinsa ya fito a miƙe, gara ma a rungumi karkatar a tsaya dab da shi a kalli sama.

Yaya zan yi da cunkoson jama'a?

Sammako shi ne babban magani. Ana buɗe ƙofofin Taj Mahal rabin awa kafin fitowar rana, kuma wanda ya shiga cikin sahun farko yakan samu 'yan mintoci kafin gaban tafkin nan da hoton ginin yake bayyana a cikinsa ya cika ya batse. A kula cewa ran Juma'a ba a buɗe wa masu yawon buɗe ido, sai masu zuwa salla a masallacin da ke harabar, kuma mutane da dama sun yi asarar tafiyarsu saboda rashin sanin wannan.

Hanya ta biyu ita ce a bar wurin da kowa yake tsayawa. Daga lambun Mehtab Bagh, a tsallaken kogin Yamuna, ana hango Taj Mahal ta baya babu turereniya. Fadar Alhambra ta birnin Granada a Sifaniya ta fi kyau daga tudun San Nicolás da ke unguwar Albaicín, inda ake ganin ganuwarta gaba ɗaya da duwatsun Sierra Nevada a bayanta, ko da yake shi ma wurin yakan cika idan rana ta kusa faɗuwa. A Giza ta Masar, idan aka nausa cikin rairayi ta bayan dalolin, ana samun wurin da manyan dalolin uku suke jeruwa a hoto ɗaya.

Amma ni ban ɗauki mutane a matsayin abin da ake kora daga hoto ba. Babbar dalar Giza ta kai kimanin mita 138 a yanzu, sai dai mai kallon hoto ba ya jin wannan tsayi har sai ya ga mutum ko raƙumi a gindinta ya zama kamar tururuwa. Masallacin Jenne ba tare da 'yan kasuwar Litinin da buhunansu da kekunan jakunansu ba, rabin labarinsa ne kawai aka ɗauka.

Hazon hunturu yana hana ɗaukar hoto?

Yana hana wani iri, yana kuma ba da wani iri. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan ƙura ta sauko, sama takan yi fari-fari babu shuɗi, kuma abin da yake nesa ya dushe, don haka wanda ya hau Dutsen Dala da niyyar ɗaukar birnin Kano daga sama zai sauko da hoto kamar an yafa masa farin mayafi. A irin wannan rana sai a matsa kusa da gini, a rage sama a cikin hoton, a mai da hankali kan ƙofa da zane da fuskar bango, domin hazo yana tausasa haske ya hana inuwa mai kaifi. Sama mafi tsabta kuwa ana samunta ne da damina, bayan ruwa ya ɗauke ya wanke ƙura, ga gajimare masu kyau, ga ginin ƙasa ya jiƙe launinsa ya ƙara ja. Mai zuwa Agra ya san cewa su ma a Disamba da Janairu hazo yakan rufe Taj Mahal da safe har a kasa ganinsa daga ƙofar shiga.

Me ya kamata in nema a gine-ginen ƙasa irin namu?

Wannan tambaya ta fi faranta mini rai, domin sau da yawa mutum yakan kashe kuɗin jirgi ya je ɗaukar ginin wasu, alhali bai taɓa ɗaga kai ya dubi zankwayen da ke kan soron unguwarsu ba. Ginin ƙasa launinsa kusan ɗaya ne daga sama har ƙasa, saboda haka inuwa ce take fito da shi. Yana bukatar hasken da ya zo daga gefe, ya goga jikin bango, ya nuna sawun yatsun mai yaɓe da tudu da kwarin zanen dagi. Idan aka ɗauke shi da rana tsaka, sai ya fito kamar tulin ƙasa kawai.

Na taɓa kwana kusa da Masallacin Agadas, na hau saman soron masaukina bayan sallar asuba ina jiran rana. Hasumiyar, mai tsayin mita 27, tana tsaye baƙi ƙirin, sai hasken ya fara taɓa ƙololuwarta, ya riƙa saukowa a hankali itace bayan itace, kowane itace da aka kafe a jikinta yana zana inuwarsa kamar haƙoran mataji. Cikin ƙasa da rabin awa hasken ya kai gindi, inuwoyin suka gajarce, abin ya wuce. An fara gina masallacin a farkon ƙarni na 16, aka sake gina hasumiyar a 1844, kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Mai niyyar zuwa can ko Jenne ya fara binciken halin tsaro a hanya kafin ya ɗaura aniya.

A Zariya kuwa abin kallon a ciki yake. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajen shekarun 1830 an kewaye shi da sabon gini daga baya, don haka wanda ya tsaya a waje ba zai ga komai na aikin gwanin ba. Sai an shiga za a ga bakan gizo suna tashi daga manyan ginshiƙai suna haɗuwa a sama, da azara da aka jera a rufi. A nan gilashi mai faɗin gani yake da amfani, a durƙusa ƙasa a kalli rufi, a sa ginshiƙi ɗaya a gaba don ya ba hoton zurfi. Hasumiyar Gobarau ta Katsina da Gidan Makama na Kano su ma suna son hasken safe ko na yamma, kuma a Gidan Makama zauruka da ƙananan ƙofofi suna ba da damar a ɗauki wani ɓangare ta cikin wani.

An yarda a ɗauki hoto a cikin masallatai da sauran wuraren ibada?

Kowane wuri da ƙa'idarsa, kuma tambaya ba ta ɓata komai. A Istanbul ana barin ɗaukar hoto a Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiyoyi shida, amma ana dakatar da masu yawon buɗe ido a lokutan salla. Ayasofya, wadda aka kammala a shekarar 537 a matsayin majami'a, ta zama masallaci a 1453, ta koma gidan tarihi a ƙarni na 20, sannan aka mayar da ita masallaci a 2020, don haka yanzu ladubban masallaci ne suke aiki a cikinta. A cikin ɗakin kabarin Taj Mahal an hana ɗaukar hoto, haka nan a ɗakin ibada na Sistine da ke Vatican.

Kasancewar mutum Musulmi yana buɗe masa ƙofar wasu masallatai da ba a barin waɗanda ba Musulmi ba su shiga, kamar na Jenne, amma wannan izinin salla ne, ba izinin haska wa mai sujada fitila a fuska ba. A Makka da Madina musamman, inda alhazanmu suke son komawa gida da abin tunawa, tsayawa ɗaukar hoto a tsakiyar masu ɗawafi ko a mashigar jama'a cutarwa ce ga bayin Allah, kuma jami'an tsaro sukan hana. Wanda yake son hoton manyan lemomin harabar Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koma gefe ya ɗauka cikin natsuwa. Mata kuwa, a ko'ina ne, ba a ɗaukarsu sai da yardarsu.

Zan iya tafiya da abin girke kyamara mai ƙafa uku, ko ƙaramin jirgi marar matuƙi?

Mai ƙafa uku an hana shiga da shi Taj Mahal, an kuma hana amfani da shi a cikin fadojin Alhambra da gidajen tarihi masu yawa, saboda yana tare hanya kuma ana ɗaukarsa alamar aikin kasuwanci. Jirgi marar matuƙi ya fi haɗari nesa ba kusa ba. A Masar da Maroko ana ƙwace shi tun a filin jirgin sama idan babu izini, kuma a Masar abin yana iya kai mutum gaban shari'a. A Najeriya ma ana bukatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Haka kuma a kusan kowace ƙasa, kada a nuna kyamara ga barikin soja, fadar shugaban ƙasa, ofishin jakadanci ko shingen bincike, kome kyan ginin.

Gaskiya ne laifi ne a ɗauki hoton hasumiyar Eiffel ta birnin Paris da dare?

An ƙara wa maganar gishiri. Ita hasumiyar, da aka kammala a 1889, ba mai haƙƙin mallaka a kan siffarta yanzu. Tsarin fitilun da aka ɗora mata a 1985 ne ake ɗauka aikin fasaha mai haƙƙi, don haka wanda zai sayar da hoton dare ko ya yi talla da shi yana bukatar izinin kamfanin da ke kula da hasumiyar. Matafiyin da ya ɗauka don kansa ya tura wa iyalinsa babu abin da ya shafe shi. Daga dandalin Trocadéro ake samun ta sosai, kuma da dare fitilunta suna ƙyalƙyali na minti 5 a farkon kowace awa.

Idan cikin gini da duhu, tagogi kuma da haske, yaya ake yi?

Kyamara ba ta iya riƙe duhu da haske a lokaci guda kamar yadda ido yake yi. A taɓa wuri mai haske a fuskar waya, a ɗan rage hasken har taga ta daina ƙonewa, domin abin da ya yi duhu ana iya farfaɗo da shi wajen gyara, amma abin da ya ƙone ya yi fari ya tafi ke nan. A kashe fitilar kyamara, don ba ta kai wa rufi, kuma an hana ta a wurare da yawa. Tunda babu abin girkewa, a jingina kafaɗa da ginshiƙi, ko a ɗora wayar a kan jaka, a sa ta ƙirga daƙiƙa 2 ko 3 kafin ta ɗauka don kada motsin yatsa ya girgiza ta.

Gyaran hoto har ina ya halatta?

Daidaita haske, miƙar da layi da yanke gefe duk gyara ne na al'ada. Inda nake tsayawa shi ne canza launin ginin, ko liƙa masa saman da ba tasa ba. Ginin ƙasar da aka cika wa ja har ya koma kamar manja ba na Agadas ba ne kuma, kuma wanda ya san wurin da kallo ɗaya zai gane.

Wane tanadi zan yi wa kayan aikina?

Batura da abin cajin waya na tafi-da-gidanka a jakar hannu ake sa su, domin kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a sa su a akwatin da za a auna. Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba a ƙasashenmu da Masar da Jodan. Na taɓa canza gilashin kyamara a fili ana iskar hunturu, ban ankara ba sai da na koma masauki na tarar da ɗigo baƙi guda biyu a saman kowane hoto na wannan yini, na kwana ina goge su ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar, a cikin mota ko cikin jaka nake canzawa, bakin kyamarar yana kallon ƙasa. A wurare masu laima kamar Dubai da bazara kuwa, idan aka fito da kyamara daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska, gilashin yakan yi gumi, sai a bar ta cikin jaka na kamar kwata na awa ta saba da zafin waje. Kowane dare kuma a kwafe hotunan yini zuwa wuri na biyu, ko kwamfuta ko ma'ajiyar intanet, sannan a ajiye katin da ya cika a aljihun da ba jakar kyamarar ba.